Ma'anar Kalmar "Robot" da Tarihin Aikin Dole a Iyakar Jibiya

Matafiyin da ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Maraɗi ba shi da makawa sai ya tsaya a Magama, cikin ƙasar Jibiya, inda hanyar da ta yi arewa zuwa Ɗan Isa ta rabu da wadda ta miƙe yamma zuwa Zurmi da Ƙauran Namoda. A nan ma'aikatan Nijeriya suke duba takardu da kaya. In an ƙara gaba kaɗan kuma na Jamhuriyar Nijar su sake dubawa. Jama'ar da ke zaune ta kowane gefe na wannan iyaka harshensu ɗaya ne, tarihinsu ɗaya, har ma sarautar da sarkin Maraɗi yake riƙe da ita sunanta Sarkin Katsina. Amma mai lura zai ji cewa baƙin abubuwan da suka shigo tare da Turawa suna da suna biyu-biyu. Wanda ake kira kwastan a Magama shi ne duwan a Ɗan Isa. Ofis ya zama biro. Yaron da ke zuwa furamare a wannan gefe, ɗan'uwansa na wancan gefe lakwal yake zuwa. Dalili kuwa a fili yake: gefe ɗaya ta bakin Ingilishi ya karɓi kalmomin, ɗaya gefen ta bakin Faransanci.

Akwai wata kalma da ita ma ta shigo ta waɗannan ƙofofi biyu, alhali ba ta Ingilishi ba ce, ba kuma ta Faransanci ba. Ɗan makarantar Katsina yakan ce robot, ya fito da harafin ƙarshe. Na Maraɗi ya ce robo, domin Faransawa haɗiye harafin suke yi. Gidajen rediyo da jaridun Hausa kuwa sukan fassara ta da mutum-mutumi. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun kalmar zuwa gidan da ta fito, domin a nuna cewa a asalinta ba ƙarfe take nufi ba, ba kuma siffar mutum ba. Abin da take nufi wani abu ne da kakannin mutanen wannan iyaka suka ɗanɗana da jikinsu, watau aikin dole.

Inda kalmar ta fito

A shekarar 1920 wani marubuci ɗan ƙasar Cekoslobakiya, Karel Čapek, ya buga wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., aka kuma nuna shi a babban gidan wasa na birnin Prag ranar 25 ga Janairu, 1921. Labarin ya faru ne a wata masana'anta da ke wani tsibiri, inda ake ƙera ma'aikata ana sayar wa duniya. Wani masani mai suna Rossum ne ya gano wani haɗi mai kama da tsoka, daga baya aka yi amfani da shi ana yin halittu masu kamar mutane, amma an cire musu duk abin da aka ga ba shi da amfani ga aiki: ba sa murna, ba sa tsoron mutuwa, ba sa neman lada. Manajan masana'antar, Domin, burinsa shi ne a 'yantar da ɗan Adam daga wahalar neman abinci. Masu hannun jari kuwa riba suke so. Da tafiya ta yi tafiya, mutane suka daina aiki, haihuwa ta ɗauke, gwamnatoci suka ba waɗannan halittu makamai suna yi musu yaƙi. Daga ƙarshe halittun suka yi tawaye suka hallaka mutane kaf, sai mutum ɗaya suka bari, Alquist magini, domin sun ga shi da hannunsa yake aiki kamarsu.

Ya kamata a lura da abu guda a nan, domin a kansa sauran bayanin ya dogara: ma'aikatan da ke cikin wasan ba na ƙarfe ba ne. Suna da fata da jijiyoyi da hanji, har baƙuwar da ta ziyarci masana'antar, Helena, ta kasa bambanta su da mutane. Čapek da kansa ya yi rubutu a 1935 yana ƙorafin yadda duniya ta mayar da halittunsa tarkacen ƙarafa da wayoyi. Tambayar da ta dame shi ita ce: me zai faru in aka ɗauki mai rai aka kankare masa komai, aka bar masa aiki kaɗai?

Sunan ma ba shi ya ƙago ba. Ya ba da labari a wata jarida a 1933 cewa da farko ya yi tunanin ciro suna daga kalmar Latin mai ma'anar aiki, amma bai gamsu da ita ba, sai ya je wurin yayansa Josef, wanda mai zane ne, ya same shi yana tsakiyar aikinsa. Josef ne ya ba shi shawarar ya ce musu roboti. Kafin ƙarshen 1923 an nuna wasan a Niyok da Landan, an kuma fassara shi cikin harsuna da dama. Josef kuwa 'yan Nazi sun kama shi a 1939, suka yi ta yawo da shi daga wannan sansani zuwa wancan, ya rasu a sansanin Bergen-Belsen a 1945.

To, me ya sa masu kallo a Prag suka fahimci sunan nan take ba tare da an yi musu bayani ba? Domin a harshensu akwai tsohuwar kalma, robota. A ƙasar Bohimiya, wadda a da take ƙarƙashin daular Ostiriya, manomi yana da 'yar gonarsa da iyalinsa, ba a kai shi kasuwa a sayar, amma wajibi ne a kansa ya yi wa mai ƙasar aiki na wasu kwanaki a kowane mako ba tare da an biya shi ko anini ba. Mai dabbobin huɗa ya zo da su, marar su ya zo da hannunsa. Wannan shi ne robota. Nauyin ya kai har manoma suka yi bore a 1775, sarauniya Mariya Teresa ta fitar da doka a wannan shekara wadda ta ƙayyade cewa kada ya wuce kwana 3 a mako. Ba a soke shi ɗungum ba sai a 1848, watau shekara 72 kacal kafin a buga wasan. Cikin masu kallo akwai waɗanda kakanninsu suka yi shi.

In aka ƙara tono ƙasa, saiwar kalmar ta fi haka nisa. A harshen Rasha rab shi ne bawa, rabota kuma aiki. Masana asalin kalmomi sun danganta wannan saiwa da kalmar Jamusanci ta aiki, da kuma kalmomin Girkanci da Latin masu ma'anar maraya, watau yaron da ya rasa mai tsaya masa ya faɗa hannun wani. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan dangantaka ba, tun da shi ma daga bawa ya sami bauta, yana kuma cewa wane yana bauta wa wane in ya ga wahalar ta yi yawa ladan bai taka kara ya karya ba.

Robota a ƙasar Hausa

Hausa tana da kalmomi masu bambanta irin aikin da mutum yake yi a gonar da ba tasa ba, kuma bambancin yana da muhimmanci. Akwai gayya, wadda taimakon juna ce: an yi kira, an zo da kiɗa, an ci an sha, gobe kuma a je gonar wani. Akwai ƙodago, wanda aiki ne na lada, an yi ciniki kafin a sunkuya. Sai gandu. A cikin gida, gandu shi ne gonar da 'ya'ya da ƙanne suke nomawa a ƙarƙashin maigida. Amma a rinji, kafin zuwan Turawa da ɗan bayansa, gandu shi ne gonar ubangiji wadda bayi suke nomawa daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan kowa ya koma gayaunarsa. Wannan tsari na raba lokacin mutum biyu, kashi ɗaya na ubangida kashi ɗaya nasa, shi ne ya fi kusa da abin da manomin Bohimiya ya sani, ko da yake shi ba a sayar da shi.

Turawa sun shigo suna shelar hana bauta. Ingila ta yi doka a 1901 cewa duk ɗan da aka haifa daga wannan lokaci a Nijeriya ta Arewa ɗa ne, Faransa ma ta yi tata a 1905. Amma masu mulkin suna bukatar hanyoyi da barikoki da masu ɗaukar kaya, ba su kuma da niyyar biyan abin da zai sa manomi ya bar gonarsa da son ransa. Sai aka fito da bauta cikin sabuwar riga.

A nan ne iyakar Jibiya ta shigo cikin labarin. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka raba ƙasar, aka kuma bi daji ana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila. Daga nan Maraɗi da Madarumfa da Tasawa suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Daura kuwa hannun Ingila. A gefen Faransa, ban da kuɗin lanho, an ɗora wa kowane namiji baligi wasu kwanaki a shekara da zai yi wa gwamnati aiki kyauta: share hanya, gyaran gada, ɗauko itace da ciyawa, ginin gidan kumandan. An tsara wannan a dokance a 1912. A takarda kwanakin ƙayyadaddu ne, amma a ƙauye wanda ke riƙe da bulala shi ke ƙirga su, kuma sau da yawa kiran yakan zo ne da damina, lokacin da kwana ɗaya a gona ya fi mako guda na rani. Wanda ya ƙi, kumandan yana da ikon ɗaure shi har kwana 15 ba tare da an je gaban alƙali ba. Daga 1926 kuma aka ƙara wani salo: samarin da aka ɗiba don soja amma ba a ba su bindiga ba, sai a tura su manyan ayyuka da diga da shebur.

Talaka ba shi da majalisar da zai kai kuka, amma yana da ƙafa. Tun da iyakar ba ta da katanga, kuma a wancan gefen akwai dangi da surukai, mutane da yawa daga ƙasashen Maraɗi da Tasawa da Damagaram sun kwashe iyalansu sun tsallako ƙasar Katsina da Daura da Kano, wani lokaci unguwa guda cikin dare ɗaya. Rahotannin jami'an Faransa na wancan zamani cike suke da kukan wannan ƙaura. Ba a soke aikin dole a ƙasashen rainon Faransa ba sai ranar 11 ga Afrilu, 1946, da dokar da ta ɗauki sunan Félix Houphouët-Boigny, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Kodibuwa.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa gefen Ingila aljanna ce. Sauƙi dai ya fi sauƙi. Hanyar jirgin ƙasa da aka fara daga Baro a 1907, ta iso Kano a 1911, da hannun talakawa aka yi ta. Razdan ya faɗa wa sarki yawan mutanen da yake so, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci kuma ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ana biyan ɗan abin da ake biya, amma ba a tambayi kowa ko yana so ba. Mafi muni shi ne abin da ya faru lokacin yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan tsaunin Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa aka kai su ramukan haƙar kuza, inda sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da dama. Sunan da Hausawa suka ba wannan al'amari shi ne ɗiban gwamna. Abin lura ne cewa ba a ce kiran gwamna ba, ba a ce gayyar gwamna ba. An ce ɗiba, kamar yadda ake ɗibar hatsi daga rumbu ko ruwa daga randa. Wanda ya fahimci abin da wannan suna ya ƙunsa ya riga ya fahimci abin da Josef Čapek ya nufa.

Yadda ma'anar ta koma kan ƙarfe

Ƙera abu mai motsi da kansa tsohuwar sana'a ce. Tun a 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa a Diyar Bakr, inda ya bayyana agogunan ruwa da wata 'yar baiwa ta ƙarfe mai zuba wa sarki ruwan wanke hannu. Abin da ya rage shi ne suna na bai ɗaya, kuma da wasan Čapek ya yaɗu sai masu zane da masu fina-finai suka liƙa sunan a jikin mutumin ƙarfe mai ƙwayar lantarki a ido. Marubucin Amurka Isaac Asimov ya ƙara ƙarfafa wannan hoto da labaransa na shekarun 1940. Amma da abin ya fito daga littafi ya shiga masana'anta, sai ya zo ba kai ba ƙafa. Na farko da aka sa aiki, mai suna Unimate, an girka shi a 1961 a wata masana'antar kamfanin General Motors a jihar New Jersey, kuma hannu ne guda ɗaya tal, aikinsa ɗauko ƙarfe mai zafi daga inda aka zuba shi ya jera. Mafi yawan waɗanda ke aiki a masana'antun duniya har yanzu haka suke: hannuwa masu walda, masu fenti, masu ɗaga kaya. A Afirka ta Kudu ma fitilar ba da hannu ta kan titi ita ake kira robot, domin ta karɓi aikin ɗan sandan da ke tsayawa a mararraba. Duk inda kalmar ta je, siffa takan canza, amma abu ɗaya ba ya canzawa: akwai wani aiki da mutum ke yi, an sami abin da zai yi shi bisa umarni ba tare da lada ko musu ba.

Mutum-mutumi a kan sikeli

Da wannan ma'auni za a iya auna fassarar da ta fi yaɗuwa a Hausa. Ginin kalmar mutum-mutumi ba shi da aibu: Hausa takan maimaita kalma don nuna kamanni, kamar yadda ake cewa ruwa-ruwa ko fari-fari, saboda haka mutum-mutumi shi ne abin da ya yi kama da mutum amma ba mutum ba ne. Sai dai a gonakin Jibiya da na Ɗan Isa kowa ya san abin da ake kira da wannan suna: sanda biyu a gicciye, an rataya musu tsumma da tsohuwar malfa don tsorata tsuntsaye. Watau abu ne mai siffa ba aiki. Robot kuwa aiki ne ba siffa. Fassarar ta kama wutsiya ta saki kai. Masu cewa saƙago su ma cikin wannan rami suka faɗa, tun da saƙago sandarewa wuri ɗaya yake nunawa. Masu cewa na'ura mai sarrafa kanta sun fi kusa, amma su kuma sun ba ta 'yancin da ba ta da shi, domin ba ta yin komai sai abin da mai ita ya tsara mata ko ya horar da ita a kai.

Wani zai ce wannan gardamar malaman harshe ce kawai. Ba haka ba ne, domin suna yana jan hankali zuwa wata tambaya ya kau da shi daga wata. Wanda aka ce wa mutum-mutumi zai tambaya: yana magana? Yana da ido? Zai iya gaisuwa? Wanda kuwa ya san cewa kalmar bawa take nufi zai tambaya: bawan wa? Aikin wa zai karɓa? In ya yi aikin, aljihun wa ribar za ta shiga? Waɗannan su ne tambayoyin da suka shafi ɗalibin da zai fita neman aiki, da ma'aikacin gwamnatin da wata rana za a kawo wa takardar sayo na'ura ya sa hannu.

Jibiya gari ne da dubban mutane suke ci daga ɗaukar kaya da sauke shi: 'yan dako, 'yan kamasho, direbobi da yaran mota, masu sayar musu da abinci. Sun riga sun ga yadda gari yake zama in aiki ya ɗauke, lokacin da aka rufe iyakar daga Agusta 2019 har zuwa Afrilu 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta ratsa ta Katsina da Jibiya. Ta Baro zuwa Kano da kwanon ɗiban ƙasa a ka aka yi ta. Wannan kuwa da manyan injuna. Ba wanda zai yi kewar ɗiban gwamna, kuma injin da ya ɗauke wa mutum aikin da ke karya ƙashin baya alheri ne. Amma ɗan dako ba aikin dole yake yi ba, ƙodago yake yi, da shi yake auno hatsi. Kakansa an tilasta masa aiki ba lada. Shi kuma abin da ke gabansa shi ne a ɗauke aikin da ladan gaba ɗaya. Domin, manajan da ke cikin wasan, bai tanadi amsar wannan ba, ya ɗauka cewa in kaya suka yi arha kowa zai samu, bai tsaya ya tambayi da me wanda aka sallama zai saya ba.

Game da sunan da ya dace, cibiyoyin da ke aikin daidaita kalmomi, irin su cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a Kano da takwarorinta na Nijar, su ne masu yanke hukunci, in ma jama'a ba su riga su ba. A bar mutum-mutumi ga wanda aka ƙera da siffar mutum, wannan daidai ne. Ga sauran kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce wadda aka bi da mota da rediyo: a karɓi kalmar a yi mata rigar Hausa, a kuma koya wa yara asalinta a aji. In za a yi haka, lafazin gefen Katsina ya fi na gefen Maraɗi dacewa, ba don Ingilishi ya fi Faransanci ba, sai don dalilin jam'i. In aka ce robot, ana iya cewa robotoci, kamar motoci. In kuwa aka ce robo, jam'insa zai zama robobi, su kuwa robobi tuni masu tallar ruwa da 'yan bumburutun fetur na kan hanyar Magama suka riga kowa mallakar su.